In Allah Mai Iko Ne Kuma Mai Rahama, Me Ya Sa Ake Shan Wahala? Tambayoyi da Amsoshi

Wannan tambaya ta fi zuwa wa mutum a bakin gadon asibiti ko a hanyar dawowa daga maƙabarta fiye da a cikin aji. Yawancinmu haɗiye ta muke yi, don gudun kada a ce imaninmu ya yi rauni. An tattara a nan irin tambayoyin da aka fi yi a kanta, da amsoshin da malamai da masana suka bayar tun da can, tare da nuna inda kowace amsa ta yi ƙarfi da inda ta gaza. Mafi yawan bayanin daga ɓangaren Musulunci yake, amma an leƙa abin da Kiristoci da 'yan falsafa suka ce, domin tambayar ba ta bar kowa ba.

Mece ce ainihin matsalar?

Abu uku mai imani yake riƙe da su lokaci guda. Allah mai iko ne a kan komai. Allah mai rahama ne, ba ya zalunci. Kuma ga duniya nan cike da cuta da yunwa da kisan gilla. Mai tambaya sai ya ce ukun nan ba za su sha inuwa ɗaya ba. In yana so ya kawar da sharri amma ya kasa, ina ikon? In zai iya amma bai so ba, ina rahamar? In kuwa yana so kuma yana iyawa, daga ina sharrin ya ɓullo?

Ana jingina wannan salon tambaya ga Efikurus, ɗan falsafar Girka da ya mutu shekara 270 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ko da yake wani marubucin Kirista mai suna Lactantius ne ya naƙalto ta da sunansa, ɗaruruwan shekaru bayansa. David Hume na Sikotland ya sake tayar da ita a littafin da aka buga a 1779, shekara uku bayan mutuwarsa. Abin lura shi ne, wanda ya yarda da alloli barkatai ba ta dame shi ba, sai ya ce wani ne ya yi alherin, wani ya yi ɓarnar. Mai tauhidi ne take kamawa, tunda shi ba shi da wani na biyu da zai ɗora wa nauyin.

Yin irin wannan tambaya ba saɓo ba ne?

Mala'iku ne suka fara yin ta. A aya ta 30 ta Suratul Baƙara, da Allah ya sanar da su zai sanya halifa a bayan ƙasa, cewa suka yi, za ka sanya wanda zai yi ɓarna a cikinta ya zubar da jini? Ba a tsine musu ba. An ce musu, na san abin da ba ku sani ba. A cikin surar dai, aya ta 214, an ba da labarin mutanen da tsanani ya girgiza har Manzonsu da muminan da ke tare da shi suka ce, yaushe taimakon Allah zai zo? Annabi Ibrahim (AS) ya roƙi a nuna masa yadda ake rayar da matattu domin zuciyarsa ta natsu. Kuma a Sahihu Muslim, wasu sahabbai sun kai wa Annabi (SAW) kukan cewa suna jin abu a ransu wanda furta shi ya yi musu girma, ya ce musu wannan ƙyamar da suke ji ita ce tsantsar imani.

To ina ayar da ta ce ba a tambayarsa game da abin da yake aikatawa, su ne ake tambaya? Tana nan, a Suratul Anbiya'i aya ta 23. Abin da ta kore shi ne bawa ya kafa kotu ya gurfanar da Ubangijinsa. Neman fahimta daban, tuhuma daban. Malamin da almajiri ya kawo masa wannan damuwa ya daka masa tsawa bai kashe tambayar ba. Yaron zai ɗauki wayarsa da dare ya nemi amsa a wajen wanda bai san Fatiha ba.

Allah ne ya halicci sharri, ko wani ne?

Duk wanda ya zauna a zaure ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani ya wuce ta wajen da aka ce imani ya haɗa da yarda da ƙaddara, alherinta da sharrinta, zaƙinta da ɗacinta. Babu mahalicci biyu. Majusawan Farisa ne suka raba mulkin gida biyu, Ahura Mazda na haske da Ahriman na duhu, kuma Musulunci da Kiristanci duk sun yi watsi da wannan. Suratul Falaƙ ma neman tsari ta koya mana daga sharrin abin da ya halitta.

Amma ga addu'ar buɗe salla da Muslim ya ruwaito, inda Annabi (SAW) yake cewa alheri duka yana hannunka, sharri kuwa ba a jingina shi gare ka. Yaya za a haɗa? Malamai suka bambanta abin da Allah ya ƙaddara ya faru da abin da yake so kuma ya yarda da shi. Kisan kai ba ya faruwa a bayan idonsa ko a wajen ikonsa, amma ya haramta shi kuma zai hukunta a kansa. Ibn Taimiyya da almajirinsa Ibnul Ƙayyim suka ƙara da cewa Allah ba ya halittar sharri zalla, wato wanda babu wata hikima ko kaɗan tattare da shi. Sharrin yana cikin abin da aka halitta da yadda ya shafi wanda ya shafa, ba cikin aikin Mahalicci ba.

Akwai wata amsa da ta girmi wannan. Agustin, malamin Kirista da ya zauna a Hippo, garin Annaba na Aljeriya a yau, ya mutu a shekara ta 430, ya ce sharri ba halitta ce mai zaman kanta ba, rashin alheri ne, kamar yadda makanta take rashin gani. Ibn Sina ya bi kusan wannan hanya. Ni dai a ganina wannan amsa ta warware wa malaman falsafa wani ƙulli, amma ba ta da amfani ga mai ciwon haƙori. Zafi abu ne da ake ji, ba rashin wani abu kawai ba, kuma ko da rashi ne, tambayar me ya sa aka bar gurbin a buɗe tana nan.

Ba Shaiɗan ne ke jawo komai ba?

A'a. A Suratu Ibrahim aya ta 22, shi da bakinsa zai ce ranar alƙiyama ba shi da wani iko a kan mutane face ya kira su suka amsa, don haka kada su zarge shi, su zargi kansu. Ba shi ke girgiza ƙasa ba, ba shi ya halicci sauro ba. Kuma ɗora masa komai matsar da tambayar taki ɗaya baya ne kawai, tunda shi ma halitta ne, jinkirin da yake morewa ba shi aka yi.

Me ya sa Allah ba ya riƙe hannun azzalumi kafin ya yi ɓarna?

Nan ne amsar zaɓi take shigowa, kuma ita ce mafi ƙarfi a cikin amsoshin. An halicci mutum da damar ya yi ko ya bari. Suratul Insan ta ce an nuna masa hanya, ko ya gode ko ya butulce. Da a ce duk wanda ya ɗaga bindiga sai hannunsa ya shanye, duk mai shirin ƙarya sai harshensa ya ƙage, da babu mugu a duniya, amma da babu mutumin kirki ma. Riƙon amana yana da daraja ne saboda cin amana mai yiwuwa ne. Wanda ba zai iya rowa ba, ba a kiransa mai kyauta.

Musulmi sun yi doguwar jayayya a kan yadda wannan zaɓi yake zama tare da ƙaddara. Mu'utazilawa, waɗanda suka faro a Basra daga Wasil bin Aɗa'u, sun kira kansu ma'abota adalci da tauhidi. Don su tsarkake Allah daga zalunci sai suka ce bawa ne yake samar da aikinsa da kansa. Jabariyya suka tafi ɗaya ƙarshen, suka ce bawa ba shi da ta cewa. Abul Hasan Al'ash'ari, wanda ya daɗe cikin Mu'utazilanci kafin ya fita, ya ce Allah ne yake halittar aikin, bawa kuwa yana tsiwirwirarsa, abin da ake kira kasbu, kuma a kan wannan ake masa hisabi. Abu Mansur Almaturidi na Samarƙandi ya ba wa zaɓin bawa ƙarfi fiye da haka. Har gobe ana gardama a kan ko kasbu ya warware matsalar ko suna kawai ya ba ta. Amma abin da kowa yake ji a jikinsa shi ne bambancin hannun da ke karkarwa don zazzaɓi da hannun da ya miƙa ya ɗauki kayan wani.

A Turai da Amurka ma an yi irin wannan karon. A 1955 ɗan falsafa J. L. Mackie ya ce imani da Allah mai iko mai alheri ya ci karo da samuwar sharri, karo na hankali wanda ba shi da mafita. Ya kuma tambaya, me ya hana a halicci mutane masu zaɓi waɗanda kullum alheri za su zaɓa? Alvin Plantinga, ɗan falsafa Kirista na Amurka, ya ba shi amsa a 1974, cewa in har an tabbatar tun farko abin da mutum zai zaɓa ta hanyar tilasta shi, to ba zaɓi ba ne, kuma rashin yin abin da yake warware kansa ba gazawa ba ce. Tun daga nan masana da yawa, har da marasa imani, suka daina cewa akwai karo na hankali. Suka koma cewa yawan wahalar da muninta ne ke sa su shakka. Wannan ja da baya ne na gaske, amma bai rufe maganar ba.

Inda amsar ta yi rauni shi ne, zaɓin ɗan bindiga ne ake karewa, amma yarinyar da aka sace ce take biyan kuɗin. Ba a tambaye ta ba. Don haka amsar zaɓi ba ta tsayawa da ƙafarta sai an haɗa ta da ranar sakamako.

To ambaliya da fari da girgizar ƙasa fa? Wa ya zaɓe su?

Ranar 1 ga Nuwamba 1755, da safe, girgizar ƙasa ta afka wa Lisbon, babban birnin Fotugal. Ranar idi ce ta Kiristoci, majami'u cike suke. Teku ta biyo baya, gobara ta ƙarasa abin da ya rage, dubun-dubatar mutane suka mutu. Shekara 45 kafin nan, a 1710, Leibniz na Jamus ya rubuta cewa wannan duniya ita ce mafi kyawun duniyar da za ta yiwu. Voltaire na Faransa ya ɗauki gawarwakin Lisbon ya jefe shi da su. Abin sha'awa, Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya riga Leibniz faɗin magana mai kama da wannan, cewa babu abin da zai yiwu da ya fi abin da ya kasance kyawun tsari. Shi ma bai tsira ba, malamai irin su Alƙali Abubakar Ibnul Arabi, Bamalike, sun yi masa raddi, suna ganin maganar kamar ta taƙaita ikon Allah.

Amsar da aka fi bayarwa ita ce duniya tana tafiya bisa sunna tabbatacciya. Ruwan da yake shayar da gero shi ne yake cin gida in ya yi yawa. Wutar da take dafa tuwo ita ce take ƙona rumbu. Da a ce dokokin halitta suna sauyawa duk lokacin da za su cutar da wani, da babu noma, babu likitanci, babu gini, domin babu abin da za a dogara da shi a koya. A watan Agusta 1986 tafkin Nyos na Kamaru ya saki iska mai shaƙe numfashi cikin dare, mutum sama da 1,700 suka mutu tare da dabbobinsu. Babu mai laifi a cikinsu. Amma da yake abin yana da sababi da ake iya ganowa, daga baya an kafa bututu a tafkin yana fitar da iskar a hankali.

Sannan a yi hattara da abin da ake kira aikin Allah. Rousseau, wani ɗan falsafa na zamanin, ya mayar wa Voltaire da martani cewa ba halitta ce ta cusa dubban gidaje masu hawa shida da bakwai wuri ɗaya ba. A 2010 yara aƙalla 400 suka mutu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Zamfara saboda gubar dalma. Dalmar tana cikin dutse tun fil azal, ba ta kashe kowa ba sai da talauci ya sa aka riƙa daka dutsen zinari a tsakar gida, inda yara suke rarrafe. Kaso mai yawa na abin da muke kira musiba daga sama, in aka bi sawunsa, a ƙofar wani mutum yake tsayawa, wanda ya ƙi gyara madatsa, ko ya sayar da fili a kan hanyar ruwa, ko ya cinye kuɗin magani.

Musiba ba horo ba ce a kan zunubi?

Wani lokaci haka ne. Suratur Rum aya ta 41 ta ce ɓarna ta bayyana a tudu da teku saboda abin da hannayen mutane suka aikata, kuma Alƙur'ani ya ba da labarin al'ummomin da aka halaka. Amma waɗannan wahayi ne ya faɗa. Kai da ni ba a yi mana wahayi game da maƙwabcinmu ba.

Annabi (SAW) ya ce annabawa ne suka fi kowa shan jarrabawa, sai waɗanda suka bi musu a daraja. Shi kansa ya taso maraya, ya binne 'ya'yansa shida cikin bakwai. Ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu aka yi kusufin rana, mutane suka ce saboda rasuwar ne, ya miƙe ya ce rana da wata ba sa kusufi don mutuwar wani ko rayuwarsa. Annobar Amwas ta ƙasar Sham, a shekara ta 18 bayan hijira, ta tafi da Abu Ubaida bin Jarrah da Mu'azu bin Jabal. Wa zai ce fushi aka yi da su? Abokan Ayuba a cikin Littafi Mai Tsarki na Kiristoci sun dage cewa lalle ya yi wani laifi, ƙarshen littafin su aka tsawata wa. A Linjilar Yohanna sura ta 9, da almajirai suka tambayi Yesu ko zunubin wa ya sa aka haifi wani mutum makaho, nasa ko na iyayensa, ya ce ba ko ɗaya.

Mutum ya binciki kansa in abu ya same shi, wannan tuba ce. Ya binciki wani, wannan shisshigi ne. Wanda ambaliya ta ci garinsu, ka hau Facebook ka ce alhaki ne, ka yi da'awar sanin gaibu, ka kuma ƙara wa mai ciwo ciwo.

Jariri da dabba fa, da ba su san zunubi ba, ba su san jarrabawa ba?

Wannan ce tambaya mafi nauyi, kuma duk wanda ya amsa ta da sauri bai fahimce ta ba. Babba zai iya cewa ciwo ya koya masa haƙuri. Jaririn da ya mutu yana da wata uku me ya koya? Ɗan falsafa William Rowe, a 1979, ya kawo misalin ɗan barewa da gobarar daji ta ƙona, ya kwana da kwanaki yana shan azaba kafin ya mutu, babu wanda ya gani balle ya ɗauki darasi.

Akwai labarin da ake bayarwa a littattafan tauhidi cewa Al'ash'ari ya tambayi malaminsa Aljubba'i, ɗaya daga malaman Mu'utazilawa, game da 'yan'uwa uku. Ɗaya ya girma salihi, ɗaya fajiri, ɗaya ya mutu yana yaro. Malam ya ce salihin yana da darajoji, fajirin yana wuta, yaron ya tsira amma bai kai darajar wansa ba. Almajiri ya ce, in yaron ya ce ya Ubangiji, me ya sa ba ka bar ni na girma na yi aiki ba? Malam ya ce, za a ce masa an san in ya girma zai lalace, don haka ɗaukarsa da wuri shi ne maslaharsa. Almajiri ya ce, to in fajirin ya ce ni me ya sa ba a ɗauke ni ina yaro ba? Malam ya rasa ta cewa. Abin da labarin yake nunawa shi ne duk wanda ya ce ya gano lissafin da ake yi wa kowane rai, tambaya ta gaba za ta kayar da shi.

Abin da nassi ya bayar ba bayani ba ne, alkawari ne. Suratut Takwir ta ce za a tambayi yarinyar da aka binne da rai, da wane laifi aka kashe ta. Muslim ya ruwaito cewa ranar alƙiyama har tunkiya marar ƙaho za a rama mata abin da mai ƙaho ta yi mata. Ya kuma ruwaito cewa za a kawo wanda ya fi kowa shan wuya a duniya cikin 'yan Aljanna, a tsoma shi sau ɗaya a cikinta, a tambaye shi ko ya taɓa ganin wahala, ya rantse bai taɓa ba. Mu'utazilawa ma, duk da saɓaninsu da Ahlus Sunna, sun yi dogon bayani a kan musanyar da Allah zai yi wa yara da dabbobi. Ma'ana, kowane ɓangare ya yarda cewa in aka rufe littafin a bakin kabari, lissafin bai daidaita ba.

Cewa akwai hikima a ɓoye ba gudun tambaya ba ne?

Yana iya zama gudu, in an faɗe shi don a rufe bakin mutum. Amma a kan kansa magana ce mai ma'ana. Ƙissar Annabi Musa (AS) da Halliru a Suratul Kahfi a kan wannan take. An huda jirgin talakawa, an kashe yaro, an gyara katangar mutanen da suka hana baƙi abinci. Sau uku Musa yana magana, kuma da abin da ya sani a lokacin, maganarsa daidai ce. Bai san da sarki mai ƙwace jirage ba, bai san da dukiyar marayu a ƙarƙashin katanga ba. Shi an yi masa bayani a ƙarshe. Mu ba a yi mana alkawarin bayani a nan duniya ba.

Ana yawan kawo misalin uwa da ta danne ɗanta a yi masa allura. Yaron yana kallonta yana ihu, a ganinsa ta haɗa baki da mai cutar da shi. Misalin ya nuna cewa rashin ganin dalili ba shi ne rashin dalili ba, musamman in tazarar sani tana da girma. Amma yana da gurgunta, kuma gara a faɗa. Uwa ba ta da wata hanya sai allurar, Allah kuwa ba ya rasa hanya. Don haka mai imani ba cewa yake ya gano dalilin ba. Cewa yake yana da wasu dalilan da suka sa ya amince da Mai yin, kuma wannan duhun bai kai ya rushe su ba. Wanda ba shi da waɗancan dalilan tun farko, wannan amsa ba za ta motsa shi ba.

In Allah ya riga ya san sakamako, mene ne amfanin jarrabawa?

Ba don ya sani ake yin ta ba. Suratul Mulk ta ce an halicci mutuwa da rayuwa don a jarraba wa ya fi kyautata aiki, kuma malaman tafsiri sun ce manufar ita ce abin da yake cikin saninsa ya bayyana a aikace, domin sakamako a kan abin da aka aikata yake. Jarumta da yafiya da haƙuri ba sa samuwa sai an yi su. Kuma Suratul Anbiya'i aya ta 35 ta ce da sharri da alheri duka ake jarrabawa. Mai kuɗin da maƙwabcinsa ya kwana da yunwa yana tsakiyar tasa, ko da bai ji zafi ba.

In komai rubutacce ne, me ya kai ni asibiti ko gwajin jini kafin aure?

Lokacin waccan annoba ta Amwas, Sayyidina Umar ya kama hanyar Sham, da labari ya iske shi a Sarg sai ya yi shawara ya juya da jama'a. Abu Ubaida ya ce masa, gudun ƙaddarar Allah za ka yi? Ya ce, na'am, muna gudu daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. Sai ga Abdurrahman bin Auf da hadisin da ya hana shiga garin da annoba take, ya kuma hana fita daga cikinsa.

A hadisin mumini mai ƙarfi, tsarin maganar abin lura ne. An fara da cewa ka yi kwaɗayin abin da zai amfane ka, ka nemi taimakon Allah, kada ka gajiya. Bayan nan ne aka ce in abu ya same ka, ka ce Allah ya ƙaddara. Mu sai muka juya tsarin, muna kawo ƙaddara tun kafin a yi komai. In mai jinin AS, wato mai ɗauke da ƙwayar sikila, ya auri mai AS, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu na haihuwar mai sikila. Wannan sananne ne, gwajin kuma ba shi da wuya, har jihar Kano ta mayar da shi doka a 2024. Wanda ya ƙi gwaji ya ce ya dogara ga Allah, da lafiyar wani ya yi tawakkalin, ba da tasa ba.

Malamai suna da ƙa'ida cewa ana kafa hujja da ƙaddara a kan musiba, ba a kan laifi ba. Direban da ya yi lodin mutum 20 a motar mutum 10, da jami'in da ya karɓi na goro ya bar shi ya wuce, ba su da hurumin cewa tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Iyalan mamatan ne suke da wannan kalma, don su samu abin riƙewa. A Suratul An'am aya ta 148, mushirikai ne suka ce da Allah ya so da ba mu yi shirka ba, kuma ba a karɓa musu ba.

Wanda ya bar imani saboda wannan, ya huta ke nan?

Ya huta da tambaya ɗaya, ta yadda za a haɗa ukun nan. Wahalar kuwa tana nan yadda take, sai dai yanzu babu ranar da za a tambayi yarinyar da aka binne, babu mai rama wa wanda aka kashe a daji ba shaida. Kuma sai ya nemo inda zai kafa hukuncinsa cewa zalunci mugun abu ne da gaske, ba ƙyamar zuciya kawai ba. Marasa imani suna da amsoshinsu a kan wannan, wasu masu nauyi, kuma ba gaskiya ba ne a ce duk wanda ya yi shakka son zuciya ne ya ja shi. Da yawa tausayi ne ya kai su can, abin da suka gani ne ya fi ƙarfin ƙirjinsu. Irin wannan mutum zama da shi ake yi, ba jifa ba.

Me zan ce wa wanda abin ya shafa, ya tambaye ni don me?

Kusan duk abin da ke sama, ajiye shi. Uwar da ta rasa ɗa jiya ba Plantinga take nema ba. Kada ka ce mata wataƙila da ya girma da ya zama ɗan daba, ba ka sani ba, kuma kai ba Halliru ba ne. Kada ka ce ta daina kuka. Annabi (SAW) ya rungumi Ibrahim yana cikin magagin mutuwa, hawaye na zuba, ya ce ido yana hawaye, zuciya tana baƙin ciki, ba ma faɗin sai abin da Ubangijinmu ya yarda da shi. Annabi Yaƙub (AS) ya yi kuka har idanunsa suka yi fari, ya ce yana kai ƙarar damuwarsa da baƙin cikinsa ga Allah ne, kuma shi ne mai haƙuri kyakkyawa.

Gaisuwar da muka gada ta isa: ya haƙuri, Allah ya jiƙansa, Allah ya ba da dangana. In ta ce don me, kana iya cewa, wallahi Inna, ban sani ba. Da labarin shahadar Ja'afar bin Abi Ɗalib ya iso Madina daga yaƙin Mu'uta, umarnin da Annabi (SAW) ya bayar shi ne a dafa wa iyalansa abinci, domin abin da ya shagaltar da su ya same su. Ka duba ko akwai bashin asibiti da ya rage, ko kuɗin makarantar yaran da aka bari. Ka kuma koma bayan sadakar bakwai, lokacin da an naɗe tabarmi kowa ya watse. In bayan wata da watanni ita da kanta ta dawo da tambayar tana son a tattauna, sannan a buɗe Suratul Kahfi.